Ranar da Kawu Ƙiris Ya Nemi Kafireta Ya Rasa

Duk wanda ya taɓa kai mashin rumfar Kawu Lawal a Kankia ya san ba a samun amsar sallama nan take. Kana tsayawa, kafin hannunka ya kai ga makulli, sai ya ɗaga tafin hannu ya ce, "Kar ka kashe!" Daga nan ya runtse ido, ya karkata kai gefe guda, hular nan tasa da baƙin mai ya cinye ta zamo kan kunne. Kai kuwa kana nan cikin rana kana jira. Sai ya gama sauraren injin tsaf, sannan ya buɗe ido ya ce, "Wa alaikumus salam. Mai ya hi iska yawa. Ya mutanen gida?"

Ni Hamisu malamin dabbobi, ɗan ƙanwarsa ne ciki ɗaya, amma ko ni ban taɓa samun gaisuwa kafin mashin ɗina ya samu tasa ba.

Sunan Ƙiris da ake kiransa kuwa kun san inda ya samo shi. Duk duniyarsa tana jikin kafireta, wurin da mai da iska suke haɗuwa kafin su shiga inji, da 'yar ƙusar nan da ake murɗawa a daidaita su. Zai murɗa, injin ya yi lumui, mai mashin har ya ɗaga ƙafa zai hau, sai ka ji, "Tsaya, saura ƙiris." Ya sake taɓa ƙusar, taɓin da ko ƙuda ba zai ji ba, sannan ya sallame ka. Kuma ba a inji kaɗai abin ya tsaya ba. Shayi saura ƙiris, lasifikar masallaci saura ƙiris, hatta tuwon Inna Habi, matarsa, shekara da shekaru bai taɓa cika daidai ba.

Akwai ranar da aka naɗa shi wakilin ango a wani ɗaurin aure a Kafin Soli. An zauna, waliyyi ya ce ya ba da, liman ya juyo ya ce, "Malam Lawal, kun karɓa?" Shiru. Aka duba, ga Kawu ido a rufe, kai a karkace. Ashe wani ne ya bar mashin a kunne bayan rumfar taro.

"Malam Lawal!"

"Allah gafarta Malam, a yi mani haƙuri minti guda. Wancan mashin ɗin shaƙe shi aka yi, ba ni iya amsar ɗiyar mutane ina jin wannan."

Wallahi haka ya ratsa sahu da babbar riga, ya zaro sukudireba daga aljihun gaba, ya durƙusa ya murɗa. Ya dawo yana goge hannu a gefen rigar ya zauna ya ce, "To, yanzu mun karɓa." Liman ya kasa jan fatiha sai da ya kau da kai ya yi tari.

Ga riƙon kaya kuma! Sukudirebar nan ta girme ni. Mariƙinta ya fashe ya ɗaure da roba, robar ta tsinke ya ɗaure da waya. Na taɓa kawo masa sabuwa daga Kano, ya juya ta ya ce, "Wannan ba ta san kowa ba a garin nan," ya miƙa wa Inna Habi tana buɗe gwangwanin tumatir da ita. Filogi kuwa bai taɓa yar da ko ɗaya ba. Shi a wurinsa filogi shaida ne. In bakinsa ya yi baƙi, mai ya yi yawa. In ya yi fari fat, iska ta yi yawa. Wanda yake so shi ne mai launin ƙosan da ya soyu daidai, in ya ga irin wannan har nuna wa masu wucewa yake yi.

Abu ɗaya ne ba ya yafewa, a yi masa ƙarya a kan inji. Wani ɗan acaɓa ya taɓa rantse masa cewa a gidan mai kaɗai yake shan mai. Kawu ya buɗe tanki, ya sa hanci, ya ɗago.

"Na kwalba ne. Kuma na mai sayarwa bakin tasha, don shi ke zubawa a jarkar da ya taɓa sa kalanzir."

"Baba, sau ɗaya ne kawai..."

"Kai dai gaya mani gaskiya in gyara maka cikin minti biyar. Ka yi mani ƙarya mu kwana biyar."

Abin alfaharinsa kuwa, wanda babu wanda bai ji shi sau ɗari ba, shi ne tun da ya kafa rumfar nan, sama da shekara arba'in, ba a taɓa fitar da mashin daga cikinta a ture ko a bayan mota ba. Duk wanda ya shigo, da ƙarfin injinsa yake fita. Ba shi da gidan bene, bai je Makka ba, ko mashin ɗin kirki bai ajiye ba. Wannan maganar ita ce dukiyarsa, kuma duk Kankia da Kusada an sallama masa ita.

To, ni na jawo masa.

An raba mana sababbin mashina a wurin aiki don zagayen rugage, irin na zamani masu injekta. Aka ja mana kunne da babbar murya cewa ban da akwatin allurar shanu ba a ɗora musu komai, wanda ya saɓa a karɓe mashin, a kuma rubuta shi. Wata biyu da karɓa matata ta haihu. Na je Kusada na sayi ragon suna, na dubi ragon, na dubi mashin, na ce wa zai sani? Na ɗaure shi a baya na kamo hanya. Muna gangara wani kwazazzabo ragon ya yi wata irin zabura, sai ga mu mu uku a ƙasa, ni da shi da mashin ɗin gwamnati. Wuyan salansa, wato bututun hayaƙi, ya bugi dutse ya tsage. Na lallaɓa wurin wani mai walda a ƙauyen gaba ya liƙe mini, muka mayar da murfin ƙarfen da ke rufe wurin, ba abin da ake gani. Aka yi suna lafiya, Kawu ma ya zo ya ci nama.

Bayan kwana kaɗan mashin ya fara shan mai kamar an huda tankin. Yana tafiya yana shessheƙa, yana fitar da baƙin hayaƙi. Na daina bin titin rumfar Kawu, na koma zagayawa ta bayan kasuwa. Banza! Rana ta huɗu ina fitowa daga lungu sai ga shi tsaye tsakiyar hanya, hannu a ɗage.

"Kwana huɗu ina jin ka kana zagaye da marar lahiya. Mi na yi maka?"

"Kawu, ai na ofis ne, kuma irin na zamani ne..."

"Mai yake sha ko kunu?"

"Mai."

"To shigo da shi."

Ya saurara, ya zare filogi, ga shi baƙi ƙirin. Ya ce wannan ai aikin minti biyu ne. Sannan ya kalle ni ya ce, "Akwai wani ɗan tsaki da nike ji ta wajen salansa. Ka hwaɗi da shi?"

Jama'a, a nan ne ya kamata in buɗe baki. Amma Alhaji Sale mai faci, maƙwabcin rumfarsa, yana zaune, ga 'yan acaɓa uku, kuma kun san maganar da aka yi a rumfar nan kafin la'asar ta isa ofishinmu. Na ce, "A'a, Kawu, ban faɗi ba."

"To ba komi. Salansa ba ruwanta da cin mai."

Ya kwance murfin gefe, ya zura sukudireba inda ya saba zura ta shekara arba'in. Ya laluba. Ya sunkuya ya leƙa. Ya zagaya ɗaya gefen ya sake leƙawa. Sai ya miƙe a hankali.

"Hamisu, wa ka ba aron mashin ɗin nan?"

"Ba kowa."

"An sace maka kafireta."

Alhaji Sale ya yi dariya har tiyub ya faɗi daga hannunsa. Na yi masa bayani iya sanina, cewa wannan ba shi da kafireta, wata 'yar ƙwaƙwalwa ce a ƙarƙashin sirdi take auna mai ta fesa. Kawu ya ɗaga sirdi, ya ga ɗan baƙin akwati da wayoyi, ya ƙwanƙwasa shi da yatsa.

"Ina ƙusarta?"

"Ba ta da ƙusa."

"Ƙarya ne. Babu abin da ke haɗa mai da iska ba ƙusa. Ɓoye ta suka yi."

Ya sa sarƙa ya ɗaure mashin a jikin bishiyar dalbejiyar rumfa, ya ba ni tsohon nasa in riƙa zuwa aiki. Kwana uku yana neman ƙusar nan. Ya wanke filogi, mashin ya tashi, kafin a sha ruwa ya sake baƙi. Ya cire matatar iska gaba ɗaya don iska ta wadata, hayaƙin ya ƙaru.

"Kun ga ikon Allah! Na ƙara mashi iska, ya ƙara ma kanshi mai! Ni da shi wa ke gyaran wani?"

Rana ta biyu ya gano wata 'yar ƙusa da aka shafa wa fenti rawaya. Ya yi kabbara, ya kira Alhaji Sale ya zo ya gani. Na ce masa fentin nan alama ce ta kar a taɓa. Ya ce fenti don tsatsa ake sa shi. Ya murɗa. Daga nan mashin ya daina ma tsayawa a kunne, in an saki totur sai ya mutu.

Ni kuwa kullum na dawo daga ruga sai in tarar da shi durƙushe, ya rame a ido, abincin da Inna Habi ta aiko yana gefe ba a buɗe ba. Mutane sun fara taruwa kallo. Ina tsaye ina kallon dattijon nan yana zufa, tambayar da ya yi mini tana ci na a rai, amma kullum sai in ce wa kaina ai shi da bakinsa ya ce salansa ba ruwanta. Tsoro ne kawai, ba wani abu ba.

Rana ta uku aka aiko cewa jibi shugabanmu zai zo duba mashinan da aka raba. Na gaya wa Kawu, na ce akwai wani gareji a Katsina da ofis ke kai irinsu, suna da kwamfuta. Alhaji Sale ya matso ya rage murya, don duk tsiyar da yake masa, abokinsa ne tun suna samari.

"Lawal, ji nan. Wanke filogin, yaro ya riƙe totur ya hita da shi da ƙarhin inji. In ya mutu bayan kwana, ai ba a rumfarka ya mutu ba. Mota ta ɗauke shi can, ba wanda ya gani."

Kawu ya dube shi ya ce, "Ni na gani." Ya juyo gare ni. "Aikinka ya hi sunana. Tahi ka kira a-kori-kura. Nan za ta tsaya, bakin rumfa."

Washegari ranar kasuwa ce, da hantsi, titi cike. Motar ta ja da baya har bakin rumfa. Shi da kansa ya kwance sarƙar, shi ya kama kan mashin muka ɗora. 'Yan acaɓa da suka zo da shirin tsiya duk suka ja gefe suka ba mu hanya. Direba ya buɗe masa gaba, ya ƙi. Ya hau baya ya zauna kusa da mashin ya riƙe shi, haka muka ratsa gari kowa na kallo, har Katsina.

Mai garejin wani magidanci ne mai suna Nura, mutum mai ladabi. Ya jona waya a ƙarƙashin sirdi, ya buɗe kwamfuta. Kawu ya tsaya kansa, hannu a baya.

"Tambaye shi mi ke damun shi."

"Baba, ƙwaƙwalwar cewa take iska ta yi yawa, shi ya sa take ta ƙara mai."

"Iska? Ga filogi baƙi kamar gindin tukunya? Wa ya gaya mata?"

Nura ya nuna masa wata 'yar aba mai waya da aka ɗaura a jikin salansa, ya ce sansa ake ce mata, ita ke shinshinar hayaƙi ta kai rahoto.

"Salansa? Yau na ji abin da ban taɓa ji ba! Wa ke zuwa bayan gida ya tambayi mudu nawa za a dafa?"

Nura ya yi dariya, ya ce haka aka ƙera su. Ya ce wataƙila sansar ce ta mutu, a canja ta, ko kuma ya shiga ta kwamfuta ya rage man da ake fesawa. Ya fara danne-danne. Sai Kawu ya riƙe masa hannu.

"Dakata, ɗana. Kar ka rage komi. In ɗan saƙo ya ce ya ji iska, a hwara duba ko da gaske ya ji ta. Tada mani shi."

Aka tada, na riƙe totur. Kawu ya durƙusa ya kai kunne dab da wuyan salansa, zafi na dukan fuskarsa. Ya bi tsakin nan da ya ji tun ranar farko har ya tsaya a kan murfin ƙarfe. Ya zaro sukudirebarsa ya kwance. Ga walda nan ɓaro-ɓaro kamar an manna ɗanko, da 'yar huda a gefenta, yatsa biyu kafin sansa. Ta nan iskar waje ke shiga, sansa ta ji ta, ƙwaƙwalwa ta yi ta antaya mai. Ga kuma gurzar dutse a jikin ƙarfen, wadda ko makaho ya shafa ya san faɗuwa aka yi.

Kawu ya ɗago ya dube ni. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan lokacin ba.

Nura ya ce, "Kai! Baba, kunnenka ya fi na'urata. Amma wa ya yi wannan ɗanyen aiki? Dole in rubuta wa ofis dalili. Malam Hamisu, faɗuwa ka yi?"

Na buɗe baki, Kawu ya riga ni.

"Ni ne. Wajen neman kafireta na kada shi, ta tsage, na liƙe. Tsufa ne. Rubuta haka nan."

Nura ya dubi waldar, ya dubi Kawu, ya sunkuyar da kai ya rubuta. Aka gyara salansa, aka mayar da ƙusa mai fenti inda take, aka sa sabon filogi. Mashin ya tashi lumui.

Ni na tuƙo mu gida, yana bayana. Can ya taɓa kafaɗata na tsaya gindin wata bishiya. Ya sauko, ya zare filogi, ya ga launin ya yi daidai, ya mayar.

"Shekara arba'in ban yi ƙarya kan inji ba. Yau ka sa na yi."

"Kawu, ka yafe mini."

"Ragon ne ko?"

Na gyaɗa kai.

"Na ga yana ɗingishi ranar suna, na ga gwiwar hannunka a ƙuje. Na ce ɗan ƙanwata ba ya yi mani ƙarya. Allah wadaran rago, kuma naman ma tauri gare shi. Hau mu tahi."

Sauran labarin kun san shi, ko in ce kun san rabin da ya bari ku sani. Shugabanmu ya karanta takardar Nura, ya yi faɗan tsofaffin makanikai masu taɓa abin da ba su sani ba, ya bar mini mashin ɗina. Maganar ta zaga gari. Aka riƙa cewa kwamfuta ta kada Ƙiris. In wani ya yi aikin banza sai a ce waldar Ƙiris. Alhaji Sale, kai ma ka faɗa, ni ma ina wurin an faɗa na yi murmushin yaƙe. Shi kuwa in an tsokane shi sai ya ce, "Na kasa, ai ba a hin ƙarhin zamani." Daga ranar bai ƙara yin alfaharin nan nasa ba, ko sau ɗaya.

Na same shi sau biyu na ce zan fito in faɗi gaskiya. Na farko ya ce, "Kana da iyali." Na biyu ya ce in na kuskura, kar in ƙara taka rumfarsa. Shekara uku ya yi yana ɗauke da waldar da bai yi ba, har ciwon ajalin da ya kwantar da shi bayan sallar layya. Inna Habi ma sai yau za ta ji.

To ga shi na faɗa a gabanku, yau a zaman makokinsa. Kawu Lawal bai taɓa yin wannan walda ba, bai kuma kada mashin ɗin kowa ba. Ni na faɗi, ni na ɓoye, shi ya biya da abu ɗaya tak da ya mallaka. In da mai sauran dariya a kan maganar nan, ni ya kamata ya yi wa.

Ya Allah, bawanka Lawal ya rufa mini asiri a lokacin da ban cancanta ba. Ka rufa masa nasa ranar da za a tone na kowa. Ƙaryar nan guda ɗaya da ya yi domina, Ka yafe masa ita, Ka yafe mini. Ka haskaka kabarinsa, Ka ba Inna Habi haƙuri. Amin.